Tallafin gwamnati don binciken haɗurran hanya da wayar da kan jama'a: tambayoyi da amsoshi

Malaman jami'a, shugabannin ƙungiyoyi, malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ne suka fi yin waɗannan tambayoyi, idan suka ji an buɗe ƙofar neman tallafi. Na tattara su wuri guda, na amsa gwargwadon abin da na sani da abin da na gani a aikin.

Wane irin kuɗi ne wannan? Bashi ne da za a biya daga baya?

Ba bashi ba ne. Kuɗi ne da gwamnati ke warewa ta bai wa wata cibiya ko ƙungiya domin ta yi takamaiman aiki cikin takamaiman lokaci, ba tare da an ce ta mayar ba. Sai dai ba kyauta ba ce irin wadda mutum zai yi yadda ya ga dama da ita. Akwai yarjejeniya da ake sa wa hannu, akwai rahoto, akwai rasit na kowace kashewa. Wanda ya karkatar da kuɗin zuwa abin da ba a amince da shi ba, ana iya tilasta masa ya dawo da shi, a kuma rufe masa ƙofa nan gaba.

Ga hanyoyi suna neman gyara, me ya sa za a kashe kuɗi a kan bincike?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin mutane suna yi da zafin rai, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya rasa ɗa a kan titi ba takarda yake son gani ba, gyara yake so.

Amma mu duba girman abin. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna samun rauni, da yawansu su nakasa har ƙarshen rayuwa. Babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Yawancin ƙasashe na asarar kusan kashi 3 cikin 100 na abin da tattalin arzikinsu ke samarwa saboda wannan matsala. Babu gwamnatin da ke da kuɗin gyara kowace kwana da kowace mahaɗa a shekara guda. Dole a zaɓa, kuma zaɓin da ba a gina shi a kan sani ba ya kan kai kuɗin inda aka fi surutu, ya bar inda aka fi mutuwa.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: hanya mai santsi da faɗi, wadda aka gyara ba tare da an yi tunanin masu tsallakawa ba, tana iya kashe mutane fiye da lokacin da take da ramuka, domin gudu ya ƙaru. Bincike ne ya nuna cewa idan matsakaicin gudun motoci ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ke kai ga mutuwa yana ƙaruwa da kusan kashi 4. Bincike ne ya nuna bel na rage mutuwar waɗanda ke cikin mota da kusan rabi. Binciken da Robert Borkenstein ya jagoranta a birnin Grand Rapids na Amurka, wanda aka fitar a 1964, shi ya nuna yadda yiwuwar haɗari ke hawa yayin da barasa ke ƙaruwa a jinin direba, kuma ƙasashe da dama sun dogara da irin wannan sani wajen kafa iyakar da doka ta yarda da ita. Abubuwan da muke ɗauka yau kamar kowa ya san su tun fil azal, wani ne ya zauna ya ƙirga, wani kuma ya biya kuɗin ƙirgar.

Daga ina gwamnatoci ke samo kuɗin?

Ya danganta da ƙasa. Wasu daga kasafin kuɗi na shekara kai tsaye, wasu daga harajin man fetur, wasu daga kuɗin rajistar mota ko inshora, wasu kuma suna ware wani kaso na tarar da ake cin masu karya dokar hanya.

A Amurka, dokar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta 1966 ce ta kafa tsarin da gwamnatin tarayya ke bai wa jihohi tallafi, ana raba shi bisa yawan jama'a da tsawon hanyoyin kowace jiha, kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta tarayya, wato NHTSA, ce ke kula da ɓangaren da ya shafi halayyar direbobi. Dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta ƙara ware dala biliyan 5 na shekara biyar domin birane da ƙananan hukumomi su tsara yadda za su rage mace-mace a titunansu. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, hukumar TAC mai biyan diyyar waɗanda haɗari ya shafa tana samun kuɗinta daga abin da masu motoci ke biya lokacin rajista, tana kuma zuba wani ɓangare a bincike da faɗakarwa. Tsarin nan yana burge ni, domin wanda ke biyan kuɗin jinya shi ne ya fi kowa son haɗari ya ragu.

Inda kuɗin ke da tushe tsayayye irin wannan, aikin ya fi ɗorewa. Inda sai an jira kasafin kowace shekara, bincike ne farkon abin da ake yankewa idan aljihu ya yi zafi.

Su wa ke da damar nema?

Jami'o'i da cibiyoyin bincike, ƙananan hukumomi, makarantu, asibitoci, rundunar 'yan sanda, da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke da rajista da asusun banki da sunan ƙungiya. Da wuya a bai wa mutum shi kaɗai. Ɗalibi ko malami mai tunani mai kyau sai ya bi ta hannun cibiyarsa. Ƙaramar ƙungiya da ba ta taɓa riƙe kuɗi mai yawa ba, gara ta haɗa kai da jami'a ko hukuma: ita ta kawo sanin jama'a, su su kawo sanin awo da lissafi.

Wane irin bincike ake ɗaukar nauyinsa?

Wani likita ɗan Amurka, William Haddon, wanda shi ne ya fara shugabantar hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar ƙasarsu, ya raba al'amarin gida uku: kafin haɗari, lokacin haɗari, da bayansa. A kowane gida kuma a duba mutum, a duba abin hawa, a duba hanya. Har yau yawancin masu ba da tallafi a cikin wannan tsari suke tunani, ko sun ambaci sunansa ko ba su ambata ba. Saboda haka binciken na iya zama kan gajiyar direbobin manyan motoci, ko ingancin hular kwano da ake sayarwa, ko tsarin mahaɗar hanya, ko tsawon lokacin da mai rauni ke ɗauka kafin ya isa hannun likita.

Mutane kan zaci bincike sai da manyan na'urori. Wani lokaci mutum biyu ne kawai a bakin mahaɗa da takarda da biro, tun kafin rana ta fito. Ɗaya yana ƙirga babura, ɗaya yana duba kan kowane mahayi: akwai hula, babu hula, akwai amma igiyarta na lilo a ƙarƙashin haɓa ba a ɗaure ba. Wannan layi na uku shi ne ya fi buɗe ido. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kan mutum ya taɓa kwalta. Wanda ya tambayi mutane a cikin ofis ko suna sa hula, kusan kowa zai ce yana sawa. Wanda ya tsaya a bakin titi sati biyu, shi zai dawo da gaskiyar magana.

Binciken da na fi ganin ana buƙata, kuma aka fi rainawa, shi ne na gyara alƙaluma kansu. Ma'aunin da ƙasashe da yawa suka amince da shi shi ne a lissafa duk wanda ya mutu cikin kwana 30 bayan haɗari. To amma ɗan sanda ya rubuta wanda ya cika nan take, wanda ya rasu a gadon asibiti bayan kwana tara kuwa ba ya cikin littafinsa. Sai an haɗa littafin 'yan sanda da na asibiti da na rajistar mace-mace kafin a san adadin gaskiya. Aiki ne mai cin rai, babu bikin buɗewa, babu hoton jarida, amma duk sauran ayyuka a kansa suke tsaye.

Wayar da kan jama'a tana rage haɗari kuwa, ko ɓarnar kuɗi ce?

Tana ragewa idan tana da abokin tafiya. Ita kaɗai, tasirinta kaɗan ne kuma ba ya jimawa. Direban da ke gudun wuce sa'a ba jahilci ke damunsa ba, ya san gudu na kisa. Abin da yake gani shi ne ya yi sau dubu bai mutu ba, kuma babu mai tare shi. Allon talla ba zai kankare masa wannan ba.

Abin da ya faru a Biktoriya ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen 1989 hukumar TAC ta fara fitar da tallace-tallacen talabijin masu tayar da hankali, waɗanda ke nuna abin da haɗari ke yi wa jikin mutum da iyalinsa ba tare da sakayawa ba. A daidai wannan lokaci aka ƙara yawan shingayen gwajin barasa, aka baza kyamarorin kama masu gudu. Mutum ya ga tallar da daddare, da safe ya tarar da shingen a hanyarsa. Mace-macen hanya a jihar sun sauko daga 776 a 1989 zuwa 396 a 1992. Masu bincike na jami'ar Monash, wadda ta kafa cibiyar binciken haɗurra a 1987, sun bi diddigin lamarin, kuma ba su ɓoye cewa koma bayan tattalin arziki na lokacin ya taimaka ba, tunda zirga-zirga ta ragu. Duk da haka sun samu cewa haɗa faɗakarwa da tsaurara doka ya yi aiki na gaske.

Don haka idan ƙungiyarku na neman tallafin faɗakarwa, tambayar farko da za ku yi wa kanku ita ce: da me za mu haɗa ta? Sabuwar doka ce ke tafe da ake son jama'a su fahimta kafin a fara kamu? An gina wurin tsallakawa ne ake son mutane su saba da shi? Za a samar da hula mai inganci da talaka zai iya saya? Saƙo ɗaya, ga mutane sanannu, game da hali ɗaya, shi ke kama zuciya. "A kiyaye dokokin hanya" ba ya nufin kowa, shi ya sa ba ya taɓa kowa.

Koyar da tuƙi a makarantun sakandare fa? Ai wannan ba ya buƙatar hujja.

Haka kowa ya zata, har aka gwada. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban gwaji a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya. Ɗalibai wajen 16,000 aka raba ta hanyar ƙuri'a: wasu suka samu horo mai zurfi, wasu ɗan taƙaitacce, wasu ba su samu komai daga makaranta ba. Da aka bi su shekaru, ba a ga raguwar haɗari mai ɗorewa ba a wajen waɗanda aka horar. Abin da aka gani shi ne sun fi saurin karɓar lasisi, wato sun hau titi da ƙuruciya. A ƙasar Nowe ma, a shekarun 1980, an samu cewa horon sarrafa mota a kan hanya mai santsi ya ƙara haɗari a tsakanin samari, domin ya sa sun yarda da kansu fiye da iyawarsu.

Wannan bai ce a daina koyar da tuƙi ba, dole mutum ya koya kafin ya riƙe sitiyari. Abin da ya nuna shi ne matsalar sabon direba ba ta hannu da ƙafa kaɗai ba ce, ta shekaru ce da rashin gogewa. Daga nan tunani ya koma ga ba da lasisi mataki-mataki, inda ake taƙaita wa sabon direba tuƙin dare da ɗaukar abokai har ya goge. Niyu Zilan ce ta fara cikakken tsarin a 1987, kuma wurare da dama da suka bi sahu sun ga raguwar haɗarin matasa. Kuɗin da aka kashe a DeKalb bai tafi a banza ba, ya hana a ci gaba da zuba wasu maƙudai a rijiyar da ba ruwa.

Yara ƙanana fa, me ya fi yi musu amfani?

A fita da su bakin titi. Shirin Kerbcraft da aka fara a birnin Gilasgo na Birtaniya ya ɗauki yara 'yan shekara 5 zuwa 7, biyu ko uku a hannun babba ɗaya, yawanci iyaye masu sa kai, ana koya musu zaɓen wurin tsallakawa da yadda ake leƙawa daga tsakanin motocin da aka ajiye. Yaro ya fi riƙe abin da ƙafarsa ta taka fiye da waƙar da ya haddace a aji.

Sai dai ina roƙon duk mai tsara irin wannan shiri kada ya ɗora wa yaro nauyin da ba nasa ba. Ku tsaya a ƙofar makaranta lokacin tashi ku gani: yarinya 'yar shekara shida riƙe da hannun ƙaninta, kanta bai kai tsayin madubin motar da ke fake ba, tana leƙe tana ja da baya. Ko ta haddace darasin duka, idonta bai iya auna gudun mota mai tahowa kamar na babba ba. Abin da zai cece ta shi ne motar ta zo a hankali. Shi ya sa sanarwar da taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurran hanya ya fitar a birnin Stockholm na Suwidin a 2020 ta nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin awa a wuraren da mutane da motoci ke cuɗanya. Takardar neman tallafi da ta haɗa koyar da yara da rage gudu a ƙofar makarantarsu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Me ake so a gani a takardar nema?

Matsala da aka bayyana da hujja, mutanen da za a yi wa aikin, abin da za a yi wata-wata, kasafi dalla-dalla, waɗanda za su yi aikin da gogewarsu, da yadda za a auna sakamako. Idan binciken ya shafi marasa lafiya ko yara, sai da izinin kwamitin ɗa'a da bayanin yadda za a kare sirrin mutane.

Takardar farko da na sa hannu wajen rubutawa ba ta samu shiga ba. Mun cika ta da adadin takardun faɗakarwa da za mu raba da yawan tarukan da za mu yi. Amsar da ta dawo layi biyu ce, ma'anarta: kun faɗi abin da za ku yi, ba ku faɗi abin da zai sauya ba. Ta yi mana ciwo, domin da zuciya ɗaya muka rubuta. Amma gaskiya suka faɗa. A shekarar da ta biyo baya sai da muka fara ƙirga masu ɗaura bel a wurare huɗu kafin mu rubuta ko kalma ɗaya, muka ce ga inda ake, ga inda muke son a kai, ga ranar da za mu sake ƙirgawa.

Ta yaya ake tabbatar da cewa aikin ne ya kawo sauƙi?

Nan ne mutanen kirki da yawa ke yaudarar kansu ba da niyya ba. A ce wata kwana ta saba ganin haɗari uku ko huɗu a shekara, sai bara ta ga tara. Hankali ya tashi, aka kafa allo, bana aka ga huɗu. Kowa zai ce allo ya yi aiki. Alhali ko ba a taɓa wurin ba, mai yiwuwa ne adadin ya koma inda ya saba, domin shekara mai muni ba ta cika maimaita kanta ba. Maganin wannan shi ne a duba shekaru uku zuwa biyar na baya, a kuma samu wani wuri mai kama da shi da ba a yi wa komai ba, a kwatanta su.

Ƙaramin shiri ba zai iya nuna raguwar mace-mace ba, adadin ya yi kaɗan. Ya auna abin da ke iya aunuwa: gudun motoci, ɗaura bel, sa hula, yawan direbobin da ke tsayawa wa mai tsallakawa. Kuma a ware kuɗin awon tun a kasafin farko.

Ana ba da kuɗin gaba ɗaya ne?

Ba kasafai ba. Ana sakinsa kashi-kashi bayan kowane rahoto, wasu hukumomin ma sai kun kashe naku sannan su biya ku. Da yawa suna neman mai nema ya kawo nasa kason. A shirin biranen Amurka da na ambata, kashi 20 cikin 100 ne a bisa ƙa'ida. Tallafin bincike da faɗakarwa kuma yawanci ba ya biyan ginin hanya, ko sayen fili, ko abin da aka kashe kafin a sa hannu.

Idan sakamakon ya nuna shirin gwamnatin da ta ba da kuɗin bai yi amfani ba fa?

A fitar da shi. Ku karanta yarjejeniyar da kyau kafin ku sa hannu, ku tabbata akwai sharaɗin da ya ba ku 'yancin wallafa abin da kuka gano, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Hukuma na da haƙƙin ganin rahoto kafin ya fita, ta gyara kuskuren bayani, amma ba ta da haƙƙin sauya abin da alƙaluma suka nuna. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni, cibiyoyi suka gina masu iya faɗa wa gwamnati abin da ba ta son ji: Birtaniya ta kafa ɗakin binciken hanyoyinta tun 1933, Holan ta kafa cibiyar binciken kiyaye haɗurra mai suna SWOV a 1962. Majalisar dokokin Suwidin ta amince a 1997 da manufar cewa ba za a lamunci mutuwar kowa a kan hanya ba, kuma ginshiƙin manufar shi ne ɗan Adam zai yi kuskure, aikin masu tsara hanya ne su hana kuskuren zama ajali. Ba a kai ga wannan matsayi ba sai da masu bincike suka sami damar cewa laifin ba na direba kaɗai ba ne.

Ƙasar da ba ta da ƙarfin ware irin wannan kuɗi fa?

Can ne matsalar ta fi tsanani: kashi 92 cikin 100 na mace-macen hanya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa, alhali kusan kashi 60 na motocin duniya ne a hannunsu. Bankin Duniya ya buɗe asusun tallafa wa wannan fanni a 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata a 2018, ta kuma sa burin rage mace-mace da raunuka da rabi tsakanin 2021 da 2030. Waɗannan asusai sun fi aiki da gwamnatoci da manyan hukumomi, saboda haka mai bincike ko ƙungiya ta fara ƙulla alaƙa da ma'aikatar sufuri ko ta lafiya ko hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasarta. Kuɗin waje yana iya tayar da aiki, amma ba ya riƙe shi har abada. Ko ƙaramin kaso ne aka ware daga kuɗin kowace kwangilar hanya domin bincike da awo, zai fi jiran na waje.

An ƙi takardarmu. Mu haƙura?

A'a. Ku rubuta ku nemi bayanin masu tantancewa, yawancin hukumomi suna bayarwa idan an tambaya. Ku duba ko tun farko abin da kuka nema yana cikin abubuwan da sanarwar buɗe neman tallafin ta ce za a fifita a wannan zagaye, domin takardu masu kyau da yawa a nan suke faɗuwa. Kafin a sake buɗe ƙofa, ku fara abin da ba ya buƙatar kuɗi: ku zaɓi mahaɗa ɗaya ko ƙofar makaranta ɗaya, ku ƙirga a ranaku da sa'o'i iri ɗaya na tsawon wata uku, ku nemi wasiƙar goyon baya daga hukumar da ke da ikon hanyar, sannan ku haɗa duka biyun a sabuwar takardar.